Wace Kalmar Hausa Za Mu Ba "Improvisation" a Aji?

Salamu alaikum malamai. Ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare da ke wajen Birnin Kebbi. An ɗora mini rubuta 'yar takarda da Hausa a kan kayan koyarwa, saboda taron ƙara wa juna sani da za mu yi da sababbin malamai. Rubutu na tafiya lafiya lau har na iso kan kalmar nan da duk wanda ya yi NCE, wato karatun horon malamai, ya haddace, improvisation, sai alƙalami ya tsaya cak. Ma'anar ba ta ɓace mini ba: malami ya rasa kayan kanti, ya dubi abin da ke kewaye da shi ya haɗa abin koyarwa da hannunsa. Ni kaina da tsinken tsintsiya nake koyar da ɗebewa. Ina ɗaure goma-goma da roba, in aka ce 32 a cire 17, yaro ya ga biyun da ke warwatse ba za su isa ba, sai ya kwance ɗauri ɗaya da kansa. Daga ranar "aro" ya daina zama masa tatsuniya. To wannan aikin, me za mu kira shi da kalma ɗaya ko biyu? Na rubuta "ƙirƙira" na soke.

Wata malama daga Argungu: Wa alaikumus salam Malam. Gara da ka soke. Ƙirƙira ta riga ta yi nauyi, ita ce ta masu ƙirƙirarrun labarai, ita ce ta masu fasaha, kuma in ka ce wa mutum "ƙirƙira ka yi" yana iya ɗauka ƙarya kake jingina masa. Mu dai a ofishin malamai "maleji" muke cewa.

Mai tambaya: Malama, maleji ai ita ma baƙuwa ce ta sa hular gida. Kuma tana warin babu.

Wani dattijo, tsohon hedimasta daga Talata Mafara: Ɗana, mi kake nema nesa? Wanga abu taimama ne. In babu ruwa ka bugi ƙasa. Haka muka kira shi tun muna shafe allon bango da baƙin garin da ke cikin tsohon batir. Ka rubuta taimama, kowa zai gane ba sai ka yi bayani ba.

Mai tambaya: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi kalmar ta yi mini daɗi a baki, har na kusa ɗauka. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙarshen hukuncin: da zarar ruwa ya samu, taimama ta ɓaci. Ni kuwa ina da kayan da ko an kawo na kanti ba zan ajiye nawa ba. Bari in ba da misali. An taɓa kawo mana takardun haruffa masu sheƙi, irin na mannawa a bango. Na buɗe, na ga A da hoton tuffa, ga P, ga Q, ga V, ga X, waɗanda babu su a abacadar Hausa. Na nemi ɓ na rasa, babu ɗ, babu ƙ, balle sh da ts da 'y. Yaron da za a koya wa bambancin "bari" da "ɓari", ko "kafa" da "ƙafa", me zai yi da hoton tuffa? Sai na koma kan kwalin sabulu da na yayyanka, na rubuta ƙ na zana ƙwarya, na rubuta ɓ na zana ɓera. Nan wanne ne ruwan, wanne ne ƙasar? Shi ya sa nake gudun kalmar da za ta sa sabon malami ya ji kamar haƙuri yake bayarwa duk lokacin da ya fito da abin da ya haɗa.

Tsohon hedimasta: To, ka kama ni. Amma ban janye ba duka.

Wani malamin kimiyya daga Gusau: Ina bayan mai tambaya. Ni a ƙaramar sakandare nake, kuma ruwan zoɓo ya fi mini komai wajen nuna abu mai tsami da kishiyarsa. A jiƙa zoɓo a tace, a raba a kofi biyu. A matsa lemun tsami a ɗaya, ja ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a ɗayan, sai ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Yarinya za ta koma gida ta gwada a madafin uwarta, abin da ba za ta iya yi da takardar gwajin da ke kulle a kabad ba. Shawarata "dabara". Ai haka muke faɗa: ka yi dabara mana.

Malamar Argungu: A baki daidai ne. A takarda za ta ci karo da "dabarun koyarwa", wanda kowa ya san hanyoyin koyarwa ake nufi, waƙa da tambaya da aikin rukuni. Mai karatu zai ruɗe.

Wani ya kawo "madadi", ba ta samu mai goya mata baya ba, don ita ma cewa take akwai na ainihi a wani wuri. Wani ya ce "ƙirar gida", sai malamin Gusau ya ce a rufa masa asiri, a wajensu yanzu in aka ce ƙirar gida ba allo ke faɗo wa mutum a rai ba, bindiga ce. Aka bar ta nan.

Wata mai kula da ɗakin karatu daga Yauri: Malamai ku ba ni dama, ko da yake ni ba alli nake riƙewa ba. Ba mu da kantocin jera littattafai da za su isa kowane aji, sai muka samo buhunan shinkafa da aka juye, tela ya ɗinke mana su aljihu-aljihu, muka rataya a bango. Kowane aljihu littafi uku ko huɗu, gara ba ta kai wa, yaro kuma yana hango bangon littafin daga inda yake zaune. Da wata baƙuwa ta tambaye ni inda muka saya, abin da ya fito daga bakina shi ne "haɗin gida ne". Ban yi tunani ba, kalmar ce ta zo da kanta. Me zai hana ku duba ta?

Mai tambaya: Hajiya, kin taɓo wani wuri. Bari in gwada ta a jimla, don nan ne kalma ke nuna ƙarfinta. "Kowane malami ya zo da kayan koyarwa haɗin gida guda biyu." Ta zauna. "Wannan ma'aunin haɗin gida ne." Ta zauna. "Yadda ake haɗin gida don darasin lissafi." Ita ma ba laifi. Kuma "gida" a nan ba ɗakin kwana ba ne, irin gidan da ke cikin "shinkafa 'yar gida" ne, kishiyar 'yar waje. Mu a Kebbi ba mai sunkuyar da kai don ya ce 'yar gida yake ci.

Malamin Gusau: Sai dai fa a kula, akwai auren haɗin gida. Kar mai duba makarantu ya ce "Malama ina haɗin gidanki?" a samu matsala.

Malamar Argungu: Kai Malam! To a riƙa sa "kayan koyarwa" a gaba karon farko, daga baya a gajarta.

Tsohon hedimasta: Ni ma na yarda da ita, don na tuna makarantar allo. Allon itace ne, alƙalamin kara ne, tawadar gawayi ce da ƙaro. Babu wanda ya taɓa cewa malamin zaure maleji yakai, ko wai jiran na kanti yakai. Amma ɗana, ka bar mini taimamata a wuri guda. Akwai abin da haɗin gida ba ya kai wa. Ba ka haɗa madubin ganin ƙwayoyin cuta da kara da murfin kwalba. Ranar da malami ya zana shi a allo don babu na gaske, wannan taimama ce, kuma a kira ta da sunanta, kada masu sayen kayan makaranta su ji an ce haɗin gida ya wadatar su naɗe hannu.

Mai tambaya: Na karɓa Baba. A takardar zan sa kan magana "Kayan Koyarwa Haɗin Gida", a ƙasa in ware sakin layi guda mai suna "Inda Sai Taimama". Hajiya, don Allah ki turo mini awon aljihun buhun nan, faɗi da tsawo, akwai tela kusa da makarantarmu.