Muna yashe kwata, ruwa yana mayar da sharar

Assalamu alaikum. Mu 'yan sa-kai ne a wani layi a Kurna. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, muna fita da shebur da baro mu yashe kwata. Matsalar ita ce abin da muka kwaso. Motar shara ba ta iya shigowa lungunmu, sai mu tara shi a gefe. Ruwa ɗaya idan ya sauka, komai ya koma, ledojin fiya wata su toshe kwalbati. Mun yi karo-karo mun ɗauki mai kura, ashe a kwatar layin baya yake juyewa! Yanzu samarin sun fara zamewa.

Ku da kuke irin wannan aiki, ina kuke kai taɓon a ranar da kuka yashe shi?