Ƙanena zai yi Bikin Godiya a gidan Amurkawa, me ya kamata ya sani?

Yaya Babba, Zango:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena yana karatu a Amurka, yana zaune da wasu iyali da suka ba shi masauki. Sun ce masa a ƙarshen Nuwamba za su yi bikin da suke kira Thanksgiving, dangi za su taru, kuma kowa yana zuwa da wani abinci. Shi yaro ne mai kunya, ba zai iya tambayarsu ba, tsohuwarmu kuma hankalinta ya tashi a kan naman alade da maganar addini. Bikin coci ne? Me zai ci, me zai kai? Ina ma tunanin aika masa kilishi ta hannun wani mai tafiya.

Malam na Birni:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar wa tsohuwa da hankali, ba bikin coci ba ne, hutun ƙasa ne, kuma Musulmin Amurka da yawa suna yin nasu a gidajensu. Yana faɗowa ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Lincoln ne ya ayyana shi a 1863, majalisa ta tsayar da wannan rana a doka a 1941. Suna danganta asalinsa da liyafar girbi da Turawan Ingila suka yi da ƙabilar Wampanoag, ƴan asalin ƙasar, a garin Plymouth na jihar Massachusetts a 1621. Ya san dai cewa wasu ƴan asalin ƙasar suna ɗaukar ranar a matsayin ta makoki, tun 1970 suna taruwa a Plymouth saboda haka. Idan maganar ta taso a teburi ya saurara kawai, haka ma siyasa.

Abin da zai iya shafar addini biyu ne. Wasu gidaje suna riƙe hannun juna su yi addu'a kafin ci. Ya yi shiru cikin ladabi, ya yi bisimillarsa a zuci. In bai son riƙe hannun mace, ya zaɓi wurin zama tsakanin maza tun da wuri. Na biyu sallah. Ana zama ci ne tsakanin ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma, a jihohin arewa kuma rana kan faɗi wajen huɗu da rabi a wannan lokacin, don haka La'asar da Magariba suna iya riskarsa a kan teburi. Ya yi alwala kafin a zauna, ya gaya wa uwar gida zai tashi na minti biyar.

Sannan ya shirya jimla biyu. Galibi ana zagaya teburi kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai, kuma ba za a tsallake baƙo ba. Ya ambaci iyayensa da masu masaukinsa, ya isa.

Uwar Gida, Sabon Gari:
Yaya, kilishin nan ki bar shi. Kwastan na Amurka ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga ƙasashenmu, busasshe ko ɗanye. Za a karɓe, in kuma mai ɗauke da shi bai bayyana ba har tara ana ci. Kada ki jefa bawan Allah cikin wahala.

Maganar alade ita ce mai muhimmanci, kuma ba a cinyar aladen da ake ajiyewa a fili matsalar take ba, wannan ko makaho ya gane ta. Ɓoyayyen ne. Haɗin burodi da albasa da ake cusa wa talotalo, wanda shi ne babban abincin bikin, sau da yawa akwai tsiran alade a ciki, kuma in an gasa shi a cikin tsuntsun, maiƙon ya ratsa naman. Koren wake da ganye ana yawan dafa su da soyayyen naman alade. Dankali mai zaƙi suna gasa shi da farar alewar nan mai laushi a sama, mafi yawanta da jelatin na alade ake yi. Ɓawon kek ɗin kabewa wasu da kitsen alade suke murza shi, wasu da man shanu. Romon da ake kaɗawa da fulawa a zuba a kan nama wani lokaci ana sa masa giya. Abin da kusan kullum ba shi da matsala: dankalin turawa da aka dagargaza da madara da man shanu, masara, burodi, da jar miyar wani ɗan itace da suke kira kiranberi mai tsami da zaƙi in dafaffiya ce ta gida.

Kunyar nan ce za ta cuce shi. Ya faɗa wa uwar gida sati biyu kafin ranar, ba ranar ba, lokacin da ta kwana tana girki. Su sun saba da mutum ya ce ga abin da ba na ci, ba sa jin haushi. Abin da ke ɓata musu rai shi ne baƙo ya zauna da faranti fayau ba su san dalili ba.

Na kaiwa kuwa, ya yi bisap. Busasshen zoɓo ana samunsa a shagunan ƴan Meziko da sunan jamaica. Kofi biyu a ruwa lita uku, da citta ɗanya kamar babban yatsa biyu da kanumfari biyar ko shida, ya tafasa minti ashirin, ya tace, sukari kofi ɗaya, ya kwana a firigo. Kada ya bar zoɓon cikin ruwan ya kwana ba a tace ba, tsamin zai yi yawa. Duk abin da ya ƙunshi gujiya, har yajin ƙuli-ƙuli, sai ya tambaya tukuna, domin akwai yaran da ɗan kaɗan ke kai su asibiti. Barkono kuma a gefe, ba a cikin tukunya ba.

Yaya Babba, Zango:
Allah ya saka da alheri. To shi talotalon fa, yankan wa ne?

Ɗan Garin Malam:
Hajiya, na kanti ba yankan Musulmi ba ne, kuma malamai sun saɓa a kan irin wannan nama, wannan ya tambayi malaminsa. Mafi sauƙi ya nemi mahaucin halal a garin ya yi odar talotalo tun farkon Nuwamba, don yana ƙarewa, ya ce shi zai kawo tsuntsun bana. In ya zo a daskare, a nan ake yin kuskure. Kowane kilo biyu yana buƙatar kwana ɗaya a firigo kafin ya narke, wato mai kilo shida sai an fito da shi daga wurin ƙanƙara tun Lahadi ko Litinin. In an makara, a nutsa shi da ledarsa a ruwan sanyi, ana sauya ruwan duk rabin awa, kusan awa ɗaya ga kowane kilo. Kada a bar shi a kan teburi ya narke, waje zai ɗumama ƙwayoyin cuta su hayayyafa alhali ciki yana dutse.

A duba cikinsa a ciro ƙunshin hanta da ƙundu da wuya. Gashi a zafin digiri 165 na ma'aunin da muka sani, wato 325 a tandarsu. Mai kilo shida ba cushe yana ɗaukar awa uku zuwa uku da kwata uku. Ba da ido ake gane ya nuna ba, a soka ma'aunin zafi a kaurin cinya ba tare da taɓa ƙashi ba, sai ya kai digiri 74 na ma'aunin da muka sani. A bar shi ya huta minti ashirin kafin a yanka, in ba haka ba romon zai tsiyaye naman ya bushe. Haɗin burodin a gasa shi a kwano dabam, shi ke nan alade bai taɓa talotalon ba.

Ya tashi ya taya kwashe kwanoni, can maza ma suna yi. Za a ƙunsa masa ragowar abinci, ya karɓa, ya sa a firigo cikin awa biyu ya cinye cikin kwana uku zuwa huɗu. Yawancin kantuna suna rufe ranar, sayayyarsa ta ƙare tun Talata. In kuna son kiransa, Damagaram na gaban gabashin Amurka da awa shida a Nuwamba, ku kira da La'asar ɗinmu, kafin baƙi su fara isowa.