Ina za mu je tattaki da Hajiya da yara?

Salam 'yan uwa mazauna Legas, don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Muna so mu fita tattaki ranar Asabar daga Agege, ni da yara da Hajiyarmu, ita kuma gwiwa na damunta, ko matakalar bene sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango. Yaran sun kafe sai Lekki Conservation Centre, gandun dajin shaƙatawa da ke Lekki, saboda gadar saman bishiyoyin nan mai tsawon mita 401, amma ai lilo take, Hajiya ba za ta iya ba wallahi. Shin hanyar katakon ƙasa da ke wurin akwai benci da za ta riƙa hutawa? Wani ya ce Dutsen Olumo, to Abeokuta da nisa ga goslo. Wanne ya fi mana, kuma akwai wurin sallah?