Mu tsayar da kalma: "tsinkewar ƙasa"

1/ 'Yan'uwa masu fassarar labaran kimiyya, akwai kalmar injiniyoyi da kowa ke fassarawa yadda ya ga dama: likwifakshan. Ni dai na tsaya a kan "tsinkewar ƙasa". Ga dalilina.

2/ Yashi mai sako-sako da ya sha ruwa ya ƙoshi, ƙwayoyinsa ne ke jingine da juna suna ɗauke da nauyin duk abin da ke bisa. Da girgizar ƙasa ta zo, sai ƙwayoyin su nemi matsewa wuri ɗaya. Ruwan da ke tsakaninsu ba ya samun hanyar fita cikin 'yan daƙiƙun nan, sai ƙarfinsa ya yi ta hawa har nauyin ya dawo kansa. Daga nan ƙasa ta saki, ta fara malala.

3/ Haka ta faru da madatsar ruwa ta San Fernando (ta ƙasan, cikin madatsun ruwa biyu da ke wurin), kusa da Los Anjeles a Amurka, a girgizar ƙasar ranar 9 ga Fabrairu 1971. Da ruwa aka kwararo yashin da aka gina yawancinta da shi, ba a daɓe shi ba. Gefen da ke fuskantar tafkin ya sulale cikin ruwa, ya tafi da kan madatsar. Abin da ya rage tsakanin ruwa da baki bai wuce kamar mita ɗaya da rabi ba, kuma sai da aka kwashe mutane wajen 80,000.

4/ Na ga ana rubuta "narkewar ƙasa". Narkewa aikin zafi ne, ko abu ya ɓace cikin ruwa, alhali yashin nan yana nan ƙwaya-ƙwaya. "Zaizaya" kuwa cin ruwa ne a hankali. "Zaftarewa" ta fi kusa, amma ita sakamako ce. A Niigata ta Japan a 1964 benaye sun kishingiɗa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, babu tudun da ya zaftare.

5/ Bahaushe idan abin da aka dama da kauri ya saki ya koma ruwa-ruwa, cewa yake ya tsinke. Ba a ƙara masa komai ba, riƙonsa ne ya tafi. Wani malami ya ce mini mai karatu zai tuna da tsinkewar igiya. Malam, hakan ma ya yi mana daidai, domin riƙon da ke tsakanin ƙwayoyin ne ya katse.

6/ Kalmar kuma tana juyuwa a baki. Za a ce "harsashin madatsar yana kan ƙasa mai tsinkewa", ko "a daɓe yashin, a kafa ginshiƙan tsakuwa su zuƙe ruwan, a tokare gindin da tarin ƙasa don kada ya tsinke". Mai kalmar da za ta shiga waɗannan jimloli biyu fiye da wannan, don Allah ya kawo mu gwada.