Ɗalibaina 64 ne, amma insha'insu kamar mutum ɗaya ya rubuta

Malamar Hausa, Gwammaja:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a cikin birni, bana shekarata biyar. Makon jiya na ba 'yan SS2 insha'i, na ce kowacce ta rubuta min "Ranar da ba zan manta da ita ba." Da na zauna dubawa da daddare, wallahi kamar mutum ɗaya ne ya rubuta ya raba musu. Kusan duk da "Haƙiƙa a rayuwar ɗan Adam akwai ranakun farin ciki da na baƙin ciki" suka buɗe. Kowacce ta tashi da asuba, ta yi alwala, ta yi salla, ta yi wanka, ta karya. Kafin a kai ga ranar da ake magana, shafi ya cika. Fiye da ashirin ranar Sallah suka zaɓa, amma babu wadda ta faɗa min kalar atamfar da ta sa, ko gidan da aka hana ta goron Sallah. Daga ƙarshe a liƙa karin magana, ko ya hau ko bai hau ba.

Abin da ya fi ci min rai, akwai wata yarinya a ajin, idan aka fita tara kewaye ta ake yi. Rannan na tsinkayo ta tana ba da labarin rigimar canji tsakanin ɗan adaidaita sahu da wata tsohuwa a Ƙofar Mazugal, tana kwaikwayon muryar kowa, har ni sai da na ɓoye fuska ina dariya. Amma insha'inta ya fi na kowa lami. Na ce mata don me ba ki rubuta irin wancan ba? Ta ce, "Malama, ai wancan surutu ne, ba insha'i ba."

Ta yaya zan sauko da abin da ke bakinsu zuwa takarda? Ga WAEC da NECO baɗi, ina tsoron garin neman gira in rasa ido.

Baba Malam, Fagge:
Wa'alaikumus salam 'yata. Yarinyar nan gaskiya ta faɗa miki, kuma mu muka koya mata. Tun firamare duk lokacin da ta rubuta wani abu nata, jan biro ne yake tarbar ta. Wanda ta haddace daga allo kuwa a ba ta takwas cikin goma. Ko ke ce wanne za ki riƙe?

Shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, kuma sai a goman ƙarshe na gane abin da zan gaya miki. Ki sa su sayi ƙaramin littafi na biyu, mai shafi ashirin ma ya isa. Wannan littafin jan biro ba ya shiga cikinsa har abada. Minti goma a farkon darasi su rubuta, ke kuma ki mayar da amsa da fensir, ba gyara ba, tambaya: "Sai tsohuwar ta ce me?" "Nawa ne canjin?" Yaro yana rubuta wa wanda ya ga yana son jin ƙarashen labari.

Sannan ki daina ba su babban kai. Na taɓa cewa a rubuta min Kasuwar Kurmi, duk ajin suka gaya min Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, kuma tana da daɗaɗɗen tarihi. Gaskiya ne, amma ni ma na sani. Yaran nan rabinsu ta cikin Kurmi suke bi zuwa makaranta, babu wanda ya ambaci ƙamshin citta da kanumfari, ko yadda ake manne wa bango idan mai baro ya taho a lungu. Da na sauya na ce kowa ya zaɓi rumfa guda ɗaya ya tsaya a gabanta minti biyar, sai ga rubutu kala-kala. Naki 'yan mata ne, ba lallai a bar su yawo ba, to madafa ma ta isa. Ki ce su rubuta yadda kakarsu take faɗa idan tuwo ya yi gudaji.

Karin magana kuma ki hana shi zango ɗaya cur. Ba don ba shi da kyau ba, don sun mayar da shi maɓoya.

Malam Mai Duba Takardu:
Malama, kwantar da hankalinki kan jarrabawa. Na sha zuwa makin takardu, kuma in gaya miki, idan mutum ya duba ta ɗari da ta fara da "Haƙiƙa a rayuwar ɗan Adam", idonsa rufewa yake. Haddatacce a layin farko ake gane shi, kuma sau da yawa ma bai amsa tambayar da aka yi ba. Wanda ya zo da abu nasa, ya tsara shi, ba ya asara.

Inda suke zubar da maki shi ne ƙa'idojin rubutu. A rubuta "ya na" maimakon "yana", "shine" maimakon "shi ne", a bar lanƙwasa har baƙi su koma baki, faɗa ya koma fada. Don haka ban yarda a jingine jan biro gaba ɗaya ba, da izinin Baba. Littafi biyun dai ya yi, amma duk mako biyu a ɗauko ɗaya daga na fensir a mayar da shi cikakken insha'i, a nan a yi masa aski sosai. Wasiƙar neman aiki kuma tana nan da rigarta, ba wurin barkwanci ba ce.

Malam na Ƙofar Na'isa:
Ni dai ku yi haƙuri, ina ganin an sa keke gaban doki, ko in ce ana neman ruwa a rijiyar da ba a haƙa ba. Yaron da bai karanta ba, da me zai yi salo? A makarantar allo da kwaikwayon hannun malam ake farawa, sai an daɗe hannun mutum yake fita daban. Ki tambaye su littafin Hausa nawa suka karanta daga bango zuwa bango ban da na manhaja, za ki sha mamaki.

Ku dubi gasar rubutun da aka yi a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, lokacin da Bature Rupert East yake shugabantar ta. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Wa da ƙane, gida ɗaya, amma wanda ya san su ba zai haɗa shafin wannan da na wancan ba. Na Imam raha da shaƙiyanci, na Kagara kirari da ƙarar yaƙi, na Ɓalewa natsuwa kamar dattijo yana ba da labari a zaure. Waɗannan mutane sun ƙoshi da karatu da sauraron manya kafin su ɗauki alƙalami. Ki karanta wa ajin shafi ɗaya daga kowanne, ki rufe bango, ki ce su canki mai shi kuma su faɗi dalili. Daga nan za su gane me ake nufi da salo, ba sai kin rubuta ma'anarsa a allo ba.

Baba Malam, Fagge:
Malam, ba mu saɓa ba. Sai dai ka lura, yarinyar da take tara jama'a a lokacin tara ta riga ta haƙa rijiyarta, a bakin kakanni da 'yan unguwa. Guga ne aka ƙwace mata.

Maman Ilham:
Ƙanwata, ni marubuciya ce, kuma akwai abin da iyayenmu maza ba su taɓo ba: kunya da tsoro. Ranar da yarinya ba za ta manta ba, wataƙila ranar da aka yi wa uwarta kishiya ce, ko ranar da aka fitar da kayansu daga gidan haya. Za ta rubuta wannan a littafin da ake bari a kan teburin ofishin malamai, kowa ya buɗe? Ina! Gara ta rubuta Sallah ta huta. Ni kaina a aji uku wata malama ta karanta rubutuna a gaban aji don a yi dariya, sai da na shekara shida ban sake rubuta komai nawa ba. Ki yi musu alkawari ba za ki karanta na kowa a fili ba sai da yardarta, kuma ki ba su damar sauya sunaye, su ce "wata yarinya" maimakon "ni".

Kuma kar ki ɗauka ba sa karatu. Suna karanta litattafan da ke yawo a WhatsApp da Wattpad a wayoyin yayyensu. Da kin sakar musu mara za ki ga kowace jaruma fara ce doguwa mai dara-daran idanu, kowane saurayi da dalleliyar mota. Wannan ma hadda ce, riga kawai ta sauya. Idan kin gani, ki tambaye ta, a layinku wa ya yi kama da haka? Ita mai labarin adaidaita, ki ɗauki muryarta a wayarki, ki kunna mata ta rubuta kalma bayan kalma, sannan ku zauna ku cire "sai kuma", "kin gane ko". Abin da ya rage shi ne muryarta. Masu ƙwazo ki ba su labarin gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, su san rubutun mace da Hausa yana da inda yake zuwa.

Ɗan bautar ƙasa:
Anti, ƙaramin tsokaci: a aji za su riƙa rubutawa, a gabanki. In kin ba su su tafi gida, wasu ChatGPT, manhajar nan da ke yi wa mutum rubutu, zai yi musu, kuma Hausarsa sumul take, ba gishiri.

Malamar Hausa, Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Na dawo da rahoto bayan mako uku. Kan da na fara ba su shi ne "Abin da ke faruwa a gidanmu idan an kawo wuta." Ban ce duk sun farka ba. Kusan rabi har yanzu da asuba da alwala suka fara, biyu kuma suka tambaye ni maki nawa ne, da na ce babu, suka rubuta layi uku suka ajiye biro. Amma wajen goma sha biyu sun ba ni mamaki. Wata ta rubuta yadda ake tseren soket ɗaya tsakanin dutsen guga da cajar waya mutum bakwai, babansu kuma yana zaune yana kallon mita kamar mai gadin mara lafiya. Wata 'yar Sakkwato ta sa kakarta tana cewa "mi kuka jira, ku tahi ku ɗebo ruwa." Na bar mata shi haka tunda maganar kaka ce, na ce dai bayanin da ke kewaye ya zauna a daidaitacciyar Hausa. Malam Mai Duba Takardu, in na yi kuskure a gyara min.

Mai labarin adaidaita ta ji muryarta a waya ta rufe fuska da hijabi, amma ta cika shafi biyu da rabi.

Maman Ilham, ke nake nema yanzu. Wata shiru-shiru da ke zama a bencin baya ta rubuta cewa a gidan "wata yarinya" ba a murnar wuta, don idan ɗaki ya yi haske ana ganin uwarta tana kuka. A ƙasa ta sa, "Malama kar ki nuna wa kowa." Littafin yana cikin jakata tun ranar Laraba, fensir ɗin ma na kasa ɗorawa. Me zan rubuta mata?