Direban manhaja ya ce in kansil mu yi ciniki a baki, haka ake yi ko ni ya raina?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya ce da ni ga waɗanda suka saba hawa motocin nan da ake kira ta waya a nan cikin Bauchi. Hajiyarmu ce, surukata, likita ya sa mata gashin ƙashi sau biyu a sati a asibitin koyarwa, mu kuma muna Fadaman Mada, maigidan yana aiki a Gombe sai Juma'a yake shigowa da motar. Da farko shatar keke nake ɗauka mana, to amma ƙugunta ba ya son jijjiga, duk ranar da muka je a keke kwana take tana nishi, shi ne ƙanwata ta sauke min manhaja a waya ta nuna min yadda ake yi.

Ranar farko lafiya lau wallahi, yaro ne mai ladabi har ya kama wa Hajiya jaka. Ranar Alhamis ɗin nan kuwa na kira, waya ta nuna min 1,900, wani ya karɓa, ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga kiransa, wai Hajiya ina za ki, na faɗa masa, sai ya ce kuɗin nan ba zai fitar da shi ba, in kansil kawai, wato in soke tafiyar a manhaja, ya zo ya kai mu a 3,000. Na ce a'a, ya ce to in nemi wani, kuma ya ƙi sokewa daga wajensa, ya bar ni ina kallon 'yar motarsa a taswira tana tsaye wuri ɗaya wajen Wunti kusan minti goma sha biyar. Lokacin ganin likita na ƙurewa dole na soke na sake kira, na biyun ma kusan maganar ɗaya ce, shi 2,500 ya ce. Haka muka tafi ba a cikin manhaja ba, ina zaune a baya gabana na faɗuwa.

To abin da nake son sani, haka tsarin yake dama ko dan sun ji muryar mace ne? Kuma in na yarda na kansil ɗin akwai hatsari a ciki? Ni ba ɗari shidan ce ta dame ni ba, tsoro nake ji, tsohuwa ce a hannuna kuma amana ce.

Ɗan Wunti:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Anti ni dai shawarata ki nemi mai keke ɗaya natsattse ɗan unguwarku wanda an san gidan ubansa, ki ce ya dinga lallaɓawa, a sa mata filo. Bauchi ɗin duka nawa take da sai an kira mota ta waya? Wannan harkar ta 'yan Abuja ce da Legas. Tunda aka ce an hana acaɓa a 2020 lokacin korona keke ya cika garin nan, ko tari kika yi a bakin titi uku za su tsaya miki.

Abu Sudais:
Salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ni direba ne, ina wannan aikin da wata 'yar Corolla, na yi a Abuja kusan shekara biyu kafin in dawo gida, dan haka bari in faɗa miki yadda abin yake ta ɓangarenmu, ba wai ina kare wanda ya shanya ki ba, wannan kam bai kyauta ba ko kaɗan.

Ba dan ke mace ba ce, ko namiji ne haka za a ce masa. Kuɗin da kike gani a waya ba shi ke shiga aljihun direba ba. Kamfani na cire kamashonsa, a manyan manhajojin nan abin na kaiwa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. To ki lissafa, a 1,900 ɗin nan an cire kusan ɗari huɗu ko fiye, saura dubu ɗaya da rabi. Shi kuma yana Wunti, sai ya taso ya zo Fadaman Mada ya ɗauke ku, wannan tahowar ba wanda ya biya shi, ya kai ku asibiti, daga nan kuma ba lallai ya samu wani fasinja ba, a Bauchi sai ka yi awa ɗaya ko biyu a gindin bishiya waya ba ta yi ƙara ba, ba kamar Wuse ko Gwarinpa ba da kana sauke wani wani na shigowa. Sannan yawancin yaran nan motar ba tasu ba ce, akwai balas da suke kai wa mai mota duk sati ko an yi aiki ko ba a yi ba, ga data, ga bakin mai, ga taya, ga wanki dan fasinja yana ganin ƙura a kujera zai ba ka tauraro biyu cikin biyar a makin da ake ba direba a manhaja.

Asalin inda abin ya lalace kuwa ranar 29 ga Mayu 2023 ne da aka ce tallafin mai ya tafi. Muna shan lita ƙasa da naira 200 muka wayi gari ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake dubu. Mai ya ninka sau biyar, kuɗin tafiya a manhaja bai ninka haka ba. Har yajin aiki direbobin manhaja suka yi a watan Yunin 2023 a kan wannan maganar. Tun daga lokacin wannan ɗabi'ar ta kira a tambayi fasinja ina za shi ta zama ruwan dare.

Dalilin da ya sa ya ƙi sokewa da kansa kuma, in direba ya cika soke tafiya makinsa na sauka, ana iya rufe masa akawun na wani lokaci, shi ya sa yake so ke ki danna. Wayo ne kawai, kuma rashin tsoron Allah ne ka ji an ce asibiti za a kai tsohuwa ka tsaya kana wannan.

Amma maganar hatsari, e akwai, kuma ni da nake direba nake faɗa miki. Kina kansil kin fita daga rajista. Ba sunansa, ba lambar mota, ba hanyar da kuka bi, in kin manta jaka ko wani abu ya faru Allah ya kiyaye, kamfani zai ce ai ba a yi tafiyar ba. Mu ma direbobi hatsarin na kanmu, an sha kiran direba a kai shi lungu a ƙwace mota. Abin da na fi ganin ya dace, ki ce masa kar a soke, ya bar tafiyar a kunne, in an isa ki ɗora masa wani abu a hannu. Mai gaskiya zai yarda. Wanda ya dage sai an kashe, ƙyale shi ya tafi.

Ummi Gwallameji:
Hmm Anti kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni ɗaliba ce, ina zaune Gwallameji, kuma duk sanda zan dawo daga cikin gari bayan magariba mota nake kira dan hanyar Yelwa da daddare a keke da mutanen da ban sani ba hankalina ba ya kwanciya. Na ga iri-iri wallahi. Akwai wanda ya zo da wata mota daban, a waya an nuna min fara shi kuma ya zo da baƙa, fuskar ma ba ita ba ce, wai ai akawun ɗin yayansa ne yayan ya je ɗaurin aure Azare. Na ce malam Allah ya kiyaye hanya, na koma cikin shago na zauna. Ya yi ta hon yana cewa na ɓata masa mai. Ka ɓata shi mana, ni na aike ka?

Wanda ya fi ba ni haushi kuma wani ne da ya sauke ni lafiya, har na ba shi tauraro biyar, ƙarfe goma sha ɗaya na dare sai ga saƙo a WhatsApp wai ya kika je gida, washegari kuma barka da asuba gimbiya. Daga lambar da na kira shi in yi masa kwatance ya ɗauka. Na yi ƙorafinsa a cikin manhajar na kuma toshe shi, tun daga ranar ba na bari a sauke ni a ƙofar gida, a bakin layi nake sauka in ƙarasa da ƙafa.

Amma gaskiya kar in ci haƙƙinsu, na kirki sun fi yawa. Akwai wani dattijo da na bar cajata da katin makaranta a motarsa, washegari da safe ya kawo min har bakin get bai karɓi ko sisi ba, sai faɗa da ya yi min kamar babana. Kuma da a baki muka yi cinikin nan ina zan samo shi? A tarihin tafiya na ga lambarsa.

Ni dai kullum kafin in shiga sai na duba lambar mota ta yi daidai da ta waya, sannan akwai wajen da ake tura wa wani tafiyar ya dinga ganin inda kike, yayata nake tura wa. Ke sai ki tura wa Baban Hanif yana Gombe yana kallonku har ku isa.

Ɗan Wunti:
To kun ji ko. Mai keke dai bai taɓa ce min gimbiya ba.

Ummi Gwallameji:
Yo kai wa zai ce maka gimbiya Malam. Masu keken ma ai ba waliyyai ba ne, sau nawa ake zare wa mutane waya a ciki.

Baban Khairat:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni ina ganin matsalar tamu ta daban ce da ta kudu. Uber ta fara a Legas a 2014 ta shiga Abuja a 2016, Bolt ma a 2016 ta zo lokacin sunanta Taxify kafin su canja a 2019, kuma duk an gina su ne a kan gari mai adireshi, ka rubuta lamba kaza titi kaza mota ta zo. Mu nan fa? Bayan masallacin Juma'a, layin mai ƙosai, gida na uku mai jan get. Ka sa lokeshin a Nassarawa Jahun taswira ta jefa direba wani lungu da ko keke ba ya shiga. Dole sai an yi waya, kuma da zarar an yi waya to an buɗe ƙofar ciniki, Bahaushe kuwa in ba a taya ba gani yake kamar ba a yi ciniki ba. Shi ya sa tsarin inDrive ya fi kama da halinmu, kai za ka faɗi abin da za ka biya direba ya ce a ƙara ko ya sallama, duk a cikin manhaja, an yi cinikin kuma rajista na nan. Sai dai ko wace manhaja ce in motocin da ke kusa da kai uku ne kacal to su ke da wuƙa da nama.

Ni abin da ya taɓa haɗa ni da su hanyar filin jirgi ce. Kun san yana can Durum hanyar Ningi, ya haura kilomita 20 daga cikin gari. Na kira zan tari baƙo, direban ya ce min ranka ya daɗe zuwa kawai waya ta lissafa, dawowa wa zai biya in jirgi ya yi latti? Na ga gaskiyarsa, muka daidaita zuwa da jira da dawowa. Inda muka saɓa wajen biya ne, na yi masa tiransifa an cire a wajena shi alat bai shigo ba, netwok ya tsaya cak, muka yi kusan rabin awa a rana baƙona na zaune a mota yana kallonmu, ƙarshe sai da na nemi mai POS na ciro na ba shi, da yamma kuɗin farko ya shiga. Ya dawo min da shi kuwa, da kansa ya kira. Tun ranar nake riƙe tsabar kuɗi in zan hau, da canji ma, dan zancen babu canji shi ma wata hanyar ƙarin kuɗi ce.

Hajiya tunda zuwan naku sananne ne, Litinin da Alhamis ko yaya ne, ki koma tarihin tafiyarki ki nemo yaron farkon nan mai ladabi. Maigidan ya kira shi da kansa, in ya shigo ranar Juma'a ya zo gida su ga juna, a ɗauki hoton lasisinsa da lambar mota, a san unguwarsu, a yanka masa kuɗin sati.

Abu Sudais:
Wannan ita ce magana Baban Khairat. Yawancinmu a Bauchi da irin waɗannan kwastomomin muke rayuwa, manhaja wajen haɗuwa ce kawai. Amma Hajiya ki lura, wannan daban yake da kansil da baƙon da ba ki taɓa gani ba. Kuma a yi maganar jira tun farko, gashin ƙashi wani lokaci layi ne, in zai jira a faɗi kuɗin jira, in zai tafi ya dawo a faɗa, nan ne ake yawan samun saɓani. Esi ma a yi maganarsa, da zafin nan wasu sai sun ce a ƙara kafin su kunna.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci ya saka da alheri. Na duba na samu lambar yaron, ashe ɗan Ƙofar Ran ne, na tura wa Baban Hanif sun yi magana ɗazu, ya ce zai zo ranar Asabar da safe su gaisa. Ya nemi 5,000 zuwa da dawowa har da jiran awa ɗaya, maigidan ya ce 4,000, ba su dai ƙarasa ba tukun. Malam Abu Sudais kai da ka san harkar, nawa kake ganin adalci ne daga Fadaman Mada? Kuma Ummi dan Allah in kin samu sarari ki nuna min wajen tura tafiyar nan, na lalube wayar ban gan shi ba, Hanif ne ya iya kuma yana islamiyya.