Shawarwari kan cin moriyar tikitin Bayern-Ticket a tafiyar yini ɗaya

Da aka tattauna da waɗanda suka saba yawo da jirgin ƙasa a jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, shawarar da ta fi yawa ita ce a kula da lokaci. Bayern-Ticket tikitin yini ɗaya ne na shiga jiragen ƙasa na cikin yankin. Daga Litinin zuwa Juma'a tikitin ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe, kuma yana ƙarewa ƙarfe 3 na dare, kafin asubahin washegari, amma ranakun Asabar da Lahadi da na hutu yana aiki tun daga tsakar dare, don haka mai son zuwa Salzburg ta Ostiriya, wadda tikitin ke kaiwa, ya fi kyau ya yi sammako a ƙarshen mako domin ya samu yini cikakke.

Abin da ya fi jefa baƙi cikin asara shi ne hawa jiragen ICE ko IC masu sauri na dogon zango, waɗanda tikitin bai ƙunsa ba. Nasa su ne RE da RB, wato jiragen cikin yanki, da S-Bahn na birni da kewaye, har da jiragen ƙarƙashin ƙasa da bas-bas na birnin Munich. A ganina wannan gargaɗi ya fi kowane muhimmanci, domin mai duba tikiti ba zai karɓi uzurin rashin sani ba.

An kuma ba da shawarar a haɗu har mutum 5 a tikiti ɗaya, tunda kuɗin kowa yana raguwa, sannan a rubuta sunayen duka matafiyan da biro kafin a hau jirgi. A saye shi a na'urar sayar da tikiti ko ta waya, saboda a kantar sayar da tikiti ana ƙara yuro 2.